Yadda za ka sa Baba ko Inna a inshorar lafiya a Kaduna in suna da ciwon zuciya kuma aljihu ba nauyi

Ciwon zuciya ba zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. In likita ya ce wa tsohonka zuciyarsa ta yi rauni, ko hawan jini ya taɓa ta, to magani ya zama na kullum har iya rayuwa, ga awo, ga ganin likita duk wata ko bayan wata biyu, ga kuɗin keke zuwa asibiti da dawowa. Abin da yake kwantar da yawancin dattawanmu a gadon asibiti ba wai rashin sanin ciwon ba ne, a'a, maganin ne yake ƙarewa a tsakiyar wata, a ce bari albashi ya shigo ko bari a sayar da masara, kafin nan ƙafa ta kumbura numfashi ya fara sama-sama, sai a kwashe shi tsakar dare, kuɗin da aka kasa haɗawa na kwayoyi sai a biya ninkinsa sau nawa a gado da iskar oksijin. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a jinya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. To amfanin katin inshora ga mai ciwon zuciya shi ne maganin nan kada ya yanke. Da wannan ma'aunin za ka auna duk tsarin da za a kawo maka.

Fara da tattara abin da ke hannunka

Kafin ka taka ofishin kowa, zauna da tsohon ka zazzage ledar maganinsa a kan tabarma. Za ka ga abin mamaki, wani kwalin na bara ne, wani maƙwabci ne ya ba shi ya ce ya yi masa aiki, wani kuma iri ɗaya ne da wani sunan kamfani ne kawai ya bambanta yana shan biyun tare bai sani ba. Ɗauki littafi ka rubuta sunan kowane magani na asali wanda ake rubutawa da ƙananan baƙi, da yawan miligiram ɗinsa, da sau nawa ake sha. Waɗanda aka fi ba masu irin wannan lalura su ne amlodipine, lisinopril ko losartan, furosemide wanda mutane suka fi sani da Lasix mai sa fitsari, spironolactone, bisoprolol ko carvedilol, wasu da digoxin, wasu da maganin tsinka jini irin warfarin. A gefen kowanne rubuta nawa kake sayensa a wata. Ka ƙara kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje, ka ninka sau 12. Wannan lissafin shi za ka riƙa gwadawa da kuɗin inshora na shekara, kuma yawanci da ka gan shi a rubuce gardama ta ƙare a gidan, har yayanka da yake cewa inshora ɓarnar kuɗi ce zai yi shiru.

Sai takardu. Lambar NIN ta tsohon ita ce kan gaba, in ba shi da ita a fara da ita tun yanzu don tana cin lokaci. A duba sunan da shekarar haihuwa su zo daidai da na katin asibiti, don da yawan iyayenmu shekarun da aka rubuta musu kintace ne, nan a sa 1952 can a sa 1960. Sai hoton fasfo, da lambar waya mai aiki wadda ke hannun wanda yake ɗagawa ba wadda take kashe rabin sati ba, da katin asibiti, da duk wani sakamakon ECG, wato awon bugun zuciya, ko hoton zuciya na eko da aka taɓa yi. Ka ɗauki hotonsu duka a waya.

Ƙofar kyauta ita za ka fara ƙwanƙwasa

Mutane da yawa ba su san doka ta ware wa tsofaffi marasa hali wuri ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ita ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da ake kira BHCPF, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma an fara sa shi a kasafin kuɗi a 2018. Kusan rabin kuɗin ana biya wa marasa ƙarfi inshora ne da shi. Sannan a watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar NHIS, ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ta kuma ambaci rukunin masu rauni da gwamnati za ta ɗauki nauyinsu: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, masu nakasa da matalauta. Kenan tsohuwar da ba ta da fansho ba ta da mai ɗauke mata, haƙƙinta take nema ba roƙo ba.

A jihar Kaduna wannan kuɗin ta hannun KADCHMA yake bi, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha da aka kafa da doka a 2018. Tsarin shi ne asibitin matakin farko guda a kowace mazaɓa, kuma muna da mazaɓu 255 a ƙananan hukumomi 23. Don haka ka je asibitin mazaɓarku, ka nemi shugaban asibitin da kansa ba mai ba da kati a bakin ƙofa ba, ka tambaye shi: nan ne ake karɓar masu BHCPF, kuma yaushe ake ɗaukar sabbi? Gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce gurbin yana da iyaka, kuɗin da ake da shi bai kai yawan mabuƙata ba, kuma ba kullum ake rajista ba, lokaci-lokaci ake buɗewa. Sunayen kuma sukan fito ne daga rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa da kuma ta bakin shugabannin unguwa. Shi ya sa bayan asibiti sai gidan mai unguwa, sai shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, in ya kama har kansila. Ka je da ladabi ka gaishe su ka ce ranka ya daɗe ga halin da Baba yake ciki, in an buɗe a tuna da shi, ka bar lambar wayarka, kuma ka riƙa leƙawa. Wanda ake ganin fuskarsa shi ake tunawa.

Ba a biyan ko kwabo a wannan rajistar. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu ya sa maka suna, ka bar shi da halinsa.

Amma dan Allah kada ka zauna jiran kyauta wata shida alhali tsoho yana haki. Ka sa suna a can, ka ci gaba da mataki na gaba.

Tsarin biya na KADCHMA

Wannan shi ne nake ganin ya fi dacewa da yawancin gidaje a nan. KADCHMA tana da tsarin masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa da manoma da duk wanda ba ma'aikacin gwamnati ba, mutum ya biya kuɗin shekara sau ɗaya a ba shi kati. Farashin da aka sanar a baya naira 10,650 ne ga mutum ɗaya a shekara, amma tunda komai ya tashi ka tambayi na yau kafin ka fito da kuɗi. Ko da ya ƙaru, gwada shi da lissafin nan da ka yi a littafi. Mai shan magani kala huɗu ko biyar yakan kashe fiye da haka cikin ɗan lokaci kaɗan.

Abin da ya sa na fifita shi a kan na kamfanoni masu zaman kansu shi ne an gina shi a kan taimakekeniya, mai lafiya ya tallafi mara lafiya, kamar dai adashi sai dai shi wanda ciwo ya kama ne yake kwasa. Ba tsarin tace masu ciwo a watsar ba ne. Wasu dattawan za su ce maka inshora akwai shubuha a ciki, kada ka yi musu tsawa ko ka raina fahimtarsu, ka bayyana musu cewa gudummawa ce ake tarawa don jinyar juna, in zuciyarsu ba ta kwanta ba ku je tare wajen malamin da suka yarda da shi a yi masa bayanin yadda tsarin yake. Tsohon da bai gamsu ba ko ka yi masa katin ba zai yi amfani da shi ba.

Ka biya ta hanyar da hukumar ta tanada, ka karɓi rasit, kada ka tura kuɗi asusun wani mutum da sunansa. Kuma ka sani katin ba ya fara aiki ranar da aka biya, akwai lokacin jira kafin sunan ya isa asibitin da aka zaɓa. Ka tambayi ranar da zai fara, ka sayi maganin da zai kai tsohon har wannan ranar. Nan ne mutane suke faɗawa rami, sun biya inshora sun zaci shikenan sai su daina sayen magani.

GIFSHIP da sauran ƙofofi

Na tarayya kuma shi ne GIFSHIP, wanda aka ƙaddamar a 2020 don mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya. A kan naira 15,000 ga kowane mutum a shekara aka fara, yanzu ya haura haka sosai, kuma ya fi na jiha tsada. Inda yake da amfani shi ne in tsohon yana yawo tsakanin 'ya'ya, wata uku a Kaduna wata uku a Kano ko Abuja, ko kuma likitansa yana asibitin tarayya kamar na koyarwa na ABU da ke Shika. A tsarin NHIA mara lafiya yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, ka sa wannan a lissafi.

In a gidanku akwai ma'aikacin gwamnati, ya je wajen jami'in inshora na ofishinsu. Tsarin ma'aikata yana ɗaukar mutum da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, iyaye ba sa ciki kai tsaye, amma ana iya ƙara su da ƙarin biya. Tsofaffin sojoji kuma, da muke da su da yawa a garin nan, su nemi bayani a DHML, kamfanin da ke kula da inshorar lafiyar sojoji, kafin su biya wani wuri.

Na kamfanoni masu zaman kansu ba zan tsaya a kansu ba. Yawancinsu suna da iyakar shekaru, ko su ce ciwon da aka shigo da shi sai an jira watanni kafin su taɓa shi, tsarinsu na tsofaffi kuma kuɗinsa ba na talaka ba ne. In akwai ɗa mai hali a waje da zai biya, to a karanta takardar sharuɗɗa layi-layi kafin a sa hannu.

Zaɓen asibiti, nan ne aikin yake

Ranar rajista za a ce ka zaɓi asibiti ɗaya da zai zama gidan farko na tsohon. Mutane suna cika wannan gurbin a tsaye cikin sauri, alhali shi ne zai yanke ko katin zai yi amfani ko zai zama ado a aljihu. Dalili kuwa shi ne yadda ake biyan asibitocin: na matakin farko ana ba su wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya zaɓe su, ya zo ko bai zo ba. To mai ciwon zuciya yana cin magani fiye da abin da aka biya a kansa, don haka asibitin da ba shi da tsari ko ba shi da yawan masu rajista zai riƙa ce muku babu, ku je waje ku saya.

Akwai wata dattijuwa a layinmu da 'ya'yanta suka yi mata kati suka zaɓi asibitin da ya fi kusa da gida ba tare da sun leƙa ba. Duk zuwa sai a auna ta a miƙo mata farasitamol da maganin ƙarin jini, kwayoyin zuciyar kuma a rubuta a 'yar takarda a ce kemis. Ta fara raba kwaya biyu tana shan rabi don ta kai ƙarshen wata. Da 'yarta ta lura takalmin roba ma ya daina shiga ƙafarta, ga filo uku take tarawa kafin ta iya barci, sannan aka tashi tsaye aka nemi canjin asibiti.

Saboda haka kafin ka rubuta sunan kowane asibiti, ka je da littafinka tagar ba da magani ka ce: ranka ya daɗe, waɗannan kuna ba masu kati? Kuna da su yau? In sun ƙare me kuke yi? Ka tambaya ko likita yana zama, kuma wace rana. Ka tambaya ko suna gwajin ƙoda da sinadarin potassium, don mai shan Lasix da lisinopril da spironolactone dole a riƙa duba masa su, mai shan warfarin kuma sai da gwajin INR, mai auna yadda jini yake daskarewa, a kai a kai. Sannan ka zauna a benci ka yi hira da tsofaffin da ke layi, su za su gaya maka gaskiyar wurin fiye da kowane ma'aikaci. Kusa da gida yana da muhimmanci don tsoho mai haki ba zai jure cunkoson Kawo ko na Kasuwar Barci duk wata ba, amma asibiti mai ɗan nisa da ke da magani ya fi na bakin ƙofa da babu.

Takardar turawa da lambar izini

Likitan zuciya ba a asibitin mazaɓa yake ba. Hoton eko da ganin ƙwararre sai manyan asibitoci irin Barau Dikko ko Shika, wasu abubuwan kuma a asibitocin gwamnati irin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, Gwamna Awan a Kakuri, na Kawo, ko Gambo Sawaba a Zariya. Ƙa'idar ita ce ba ka tashi kai tsaye ka tafi can da kati. Asibitin farko ne zai rubuta takardar turawa, a nemo lambar izini daga hukumar ko kamfanin HMO, wato kamfanin kula da inshorar lafiya da ke riƙe da ku, da wannan lambar ce babban asibiti zai san za a biya shi. Ka tafi babu ita, ka biya daga aljihu, kuma da wuya a mayar maka.

In tsohon dama yana da likitan da ya saba gani, tun zuwan farko ka kai fayil ɗin asibitin farko ka ce ga mara lafiyar da ake bi a wuri kaza, muna son a tura mu mu ci gaba a can. Ka nemi lambar kwana biyu ko uku kafin ranar ganin likita, kada ka bari sai da safe kuna kan layi. Kuma ka karɓi lambar wayar jami'in inshora na asibitin da ta sashen ƙorafi na hukumar, ka adana. In an hana ku magani ko an ja ku a kan lambar izini, ka rubuta rana da abin da aka ce, ka kai ƙara cikin mutunci. Ba rashin kunya ba ne, kuɗi aka biya.

Banda gaggawa. In ƙirji ya riƙe kamar an ɗora dutse, ko numfashi ya gagara yana zaune, ko ya suma, ko baki ya karkace hannu ya saki magana ta harɗe, a tafi asibiti mafi kusa da ke da sashen gaggawa nan take, maganar lamba a yi ta a waya daga baya.

Abin da katin ba zai ɗauka ba

Kada wani ya ruɗe ka. Manyan ayyuka irin tiyatar buɗe ƙirji, canjin bawul ɗin zuciya, ko dasa na'urar daidaita bugun zuciya yawanci ba sa cikin kunshin talakawa, ko a ɗauki wani ɓangare kawai. Magani ma na jerin da aka amince ake bayarwa, da sunansa na asali, ba lallai kamfanin da kuka saba ba. In yana da lambar NAFDAC kuma daga asibiti ya fito, aikinsu ɗaya, sai dai ka zauna ka nuna wa Inna cewa farar kwayar nan ita ce mai ruwan ɗorawar da, don in kala ya canza wasu sai su ƙi sha. Ka nemi a ba ka jerin abin da aka ɗauka da wanda ba a ɗauka ba a rubuce. Don giɓin da zai rage, 'yan uwa su yi ɗan asusu, kowa ya riƙa sa abin da zai iya duk wata, kuma babu laifi a sanar da kwamitin masallaci ko na coci ko masu fitar da zakka, wasu ma sun fi son su biya wa tsoho katin shekara guda don sun san inda kuɗinsu ya tafi.

Bayan kati ya fito

A gidan a zaɓi mutum ɗaya da alhakin zai hau kansa, shi ke riƙe da kati da littafi da ranakun asibiti. In aka ce na kowa ne, ranar da magani ya ƙare kowa zai ce ya zaci wane ya karɓo. A koma karɓar magani tun saura na mako guda. In da hali a sayi na'urar awon jini ta gida a riƙa rubutawa, in yana yawan kai 140 bisa 90 ko sama a nuna wa likita. Mai raunin zuciya a riƙa ɗora shi a sikeli da safe, in ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne yake taruwa, a je asibiti kafin ranar da aka ba ku.

Sai tukunya. Gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce a yini bai kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa da yajin tsire duk suna cikin lissafi. A riƙa ɗebar wa tsohon miyarsa kafin a ƙarasa zuba su, a ƙara masa daddawa da citta da tafarnuwa don kada ya ƙi ci. Maganin ciwon gwiwa irin diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis ko wajen masu talla a tasha yana tara ruwa a jiki yana lalata ƙoda, a raba shi da su, haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. In lisinopril ya sa shi busasshen tari, a gaya wa likita ya canza, kada a daina da ka. Azumi ma a je a tambaya tun Sha'aban yadda za a juya lokutan shan magani, ko ma ya halatta masa ya ciyar.

Ranar ƙarewar katin kuma ka rubuta ta a bangon littafin da manyan baƙi, ka sa ƙararrawa a waya wata biyu kafin ta zo. In ka bari ya mutu kafin ka sabunta, za ka iya sake shiga lokacin jira daga farko. Ka raba kuɗin shekarar gida 12 ka riƙa ajiye kason kowane wata tun daga watan da aka karɓi katin.